Allin Goggo da Likkafanin da Ya Makara

Ranar Talata Goggo ta rasu, da hantsi, kasuwar Mafara tana fara cika. Duk wanda ya shigo mana gaisuwa a kwana ukun nan, kafin ya ce Allah ya jiƙanta sai ya fara da musu, kamar mu muka ƙagi labarin.

Tsohon mahaucin da ke tara mata ƙashi bai ji ba sai bayan la'asar. Ya zo da jini a gefen rigarsa, ya tsaya a bakin zaure ya ƙi shiga.

"Wace Goggo? Mai alli? Haba Malam! Da sahen nan hwa tab bar wurina. Har hwaɗa munka yi, tac ce na cusa mata ƙashin raƙumi cikin na shanu."

Baba, wanda shi ne ƙanenta, ya ce masa ita ɗin ce dai, har an kai ta. Mahaucin ya dubi tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙi, ya zauna a ƙasa kusa da ita yana ta salati.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga kuwa rantsuwa take yi wa duk macen da ta shigo, cewa da kunnenta ta ji Goggo tana daka tana yi wa akuya masifa. Da dakan ya tsaya, sai ta zaci Goggo ruwa ta tashi sha. Matar yayana ce ta same ta zaune ta jingina da bango, rariya a cinya, hannuwanta fari fat har gwiwar hannu. Har tsokanarta ta yi, ta ce yau su Goggo an yi barcin hantsi. Har yanzu in ta tuna maganar nan sai ta toshe bakinta da mayafi.

Ni kuwa mata sun yi ta kallona, don ban yi kuka ba. Na shigo gidan da ƙullin kaya a ƙarƙashin hijabi, na rungume shi da hannu biyu, na zauna a ƙofar ɗakinta na kasa motsi. Ba wanda ya san abin da ke ciki. Likkafanin Goggo ne, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta ta ba ni amana. Na iso da shi bayan an rufe ta da awa uku.

Ina rubuta wannan ne don abin ya ƙi barina, kuma don na lura yaran gidanmu ma ba su san me take yi da ƙasusuwan nan ba. Nan da shekara goma, in ba a rubuta ba, za a ce wata tsohuwa ce mai tara shara.

Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure a Garbadu, ta haifi uku, duk ta binne su tun ba su yi wayo ba. Da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗakin ƙarshe kusa da turken awaki, ta ce ta gama aure. Gajera ce ƙwarai, amma in ta ɗaga murya sai an ji ta a bakin titi. Baba malami ne, mutane na durƙusa masa a zaure, amma in ya shigo cikin gida ta ce, "Kai, zo nan," sai ka ga ya taho da rawaninsa da komai.

Yanzu in aka ce alli, na makaranta kowa ya sani. Allin Goggo na masu kaɗi ne. Mace in ta zauna kaɗa auduga, yatsunta biyu ne ke murza mazari, kuma da zarar gumi ya taɓa su sai mazarin ya riƙa sulluɓewa, zare ya tsinke. Shi ya sa kowace mai kaɗi take da curin alli a gefenta, ta dangwala ta murza, ta dangwala ta murza. Kuma allin nan daga ƙashi ake yin sa.

Duk Talata Goggo za ta ɗauki kwandonta ta tafi mahauta. Ƙashin ƙafar sa take so, mai kauri. Na raƙumi ta ce gari gare shi mai tsakuwa, na akuya kuma ɓata itace ne. Sai ta shanya su a kan rufin ɗaki har maiƙon ya fita, sannan ta jera su a rami, ta rufe da busasshen kashin shanu da kara, ta sa wuta. Yini guda ake yi. In ka tone da wuri sai ka tarar da ƙashi baƙi ƙirin, ya ƙone bai nuna ba. In ka yi haƙuri sai ya fito fari, ba nauyi, kana matsawa yana ruguje wa. Daga nan ta samo maganarta da duk gidan ya haddace: "Mai gaggawa baƙin alli yaka kwasa." Ta faɗa wa mai sauke tuwo da wuri, ta faɗa wa mai neman saki, ta faɗa wa yayana ranar da ya sayi babur bai gwada ba.

Tana da turminta na daban, wanda ko barkono ba a dakawa a ciki. Ta daka, ta niƙa, ta tankaɗe sau biyu, na biyun da tsohon mayafi, sannan ta kwaɓa da ruwa ta cura kamar ƙwan zabo. A inuwa take shanyawa, don rana na fasa shi. Abu ɗaya da ba ta wasa da shi, ba ta taɓa ƙashin mushe. Ta ce masu kaɗi na lasar yatsa, zaren kuma riga zai zama a yi salla da ita, ba za ta ɗauki zunubin gari a kwando ba.

Ba masu kaɗi kaɗai ke zuwa ba. Masu ɗinkin hula na saya su zana fure kafin su sa allura. Amare na goge awarwaron azurfa da shi. Masu jego na barbaɗa wa jarirai a wuya lokacin bazara. Masu ciki ne kawai take kora, don kwaɗayin farar ƙasa na kawo su. "Tashi ki ba ni wuri," za ta ce. "Wanga ba na ci ba na. In sa kika so, tahi ki sayi tsire."

Ni malamar firamare ce a Bakura, can nake aure. Wato ni ma da alli nake ci, kuma a kan alli muka yi faɗan da ya fi kowanne tsawo.

Shekarar da na fara aiki na kawo mata kwalin allin makaranta guda, ina jin kaina, wai na hutar da ita ƙona ƙashi. Ta karya ɗaya, ta shinshina, ta murza a yatsa, ta ɗauki mazari. Bai yi juyi goma ba zaren ya tsinke. Ta miƙo mini kwalina.

"Malama, da mi aka yin wanga?"

Na ce dutse ne ake haƙowa, irin wanda ake samu wajen Sakkwato, a gasa shi a niƙa, a kwaɓa a zuba a mazubi.

"Shi ya sa," ta ce. "Naku bai taɓa rai ba. Nawa da ƙahwa huɗu yat tahi kiwo."

Abin ya ba ni haushi, sai na ɗauko abin da aka koya mana a kwaleji. Na ce ai asalin alli ma, wanda ake yankowa daga tsauni a wasu ƙasashe, ɓawon ƙananan halittun teku ne da suka mutu suka taru a ƙasan ruwa tun zamanin da ba wanda ya sani, har suka zama dutse. Na ɗauka na kayar da ita. Ta yi lissafi, sannan ta ce to wannan halal ne, na ruwa ba ya buƙatar yanka. Ta ƙara da cewa ashe duk bokon nan da muke taƙama da shi, da ƙashi muke rubuta shi, sai dai mu namu ba mu san mahaucin ba.

Wannan wasa ne. Faɗan gaske ya zo ne lokacin aurena. Dangin mijina za su zo daga Bakura, ga ƙasusuwa jere a kan rufin ɗaki, ga ƙauri. Na same ta na ce ta kwashe su, kuma Talatar nan kada ta bi ta kasuwa da kwandon nan a ka. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ce, "Goggo, kina ba mu kunya."

Ban taɓa ganin an gaya mata magana ta haɗiye ba sai ranar, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ta hau tsani da kanta ta sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta yi aikin bikin nan fiye da kowa, ta raka ni har Bakura, amma wata biyar ba ta kira ni ɗiyata ba. In na gaishe ta sai ta amsa kamar baƙuwa, "Lahiya lau, Malama." Ni ma da taurin kai irin na gidanmu, ban ba da haƙuri ba.

A zangon karatun nan ne alli ya yanke a makarantarmu. Muka yi ta jira ba a kawo ba. Muka koma tsintar guntaye a ƙasan allo, daga baya na koma rubutu da gawayi a jikin bango. Na yi wa Inna, mahaifiyata, ƙorafi da na zo gida, ban san Goggo na jin mu ta taga ba. Bayan mako biyu wani direba ya sauke mini kwano a rufe a ƙofar makaranta. Na buɗe na ga alli, amma ba curi ba, dogaye ne kamar yatsa, an mulmula su ɗaya-ɗaya. Daga baya na ji sau uku tana kwaɓawa yana karyewa, sai da ta gane ta sa ruwan ƙaro kaɗan. Rubutunsa bai kai na kwali haske ba, kuma yana da ƙura, amma da shi na koya wa yara sittin da wani abu haɗa baƙi har ƙarshen zango. Saƙon da ta ba direban shi ne a gaya wa ɗiyata ta sa yaran su yi bisimilla, ƙashin sa ne. Ranar na yi kuka a bayan aji, kuma ranar Juma'a na je na durƙusa.

Maganar likkafani kuwa, tun ina ƙarama na san tana da buri ɗaya. Ta ce ta yi shekarunta tana sa mutane sutura, ba za ta je gaban Ubangiji cikin yadin da ba ta san wanda ya taɓa shi ba. Ta kaɗa na farko, aka saƙa, ta ajiye a adaka. Sai wata baƙuwa ta rasu a tasha ba a san danginta ba, Baba ya ce a je wurin Yaya, wato Goggo. Ta bayar. Ta sake kaɗa na biyu. Sai mutanen wajen Gidan Goga suka gudo mana daga 'yan bindiga, wata tsohuwa cikinsu ta cika, ba su fito da ko cokali ba. Aka sake cewa a je wurin Yaya. Kada in yi mata ƙarya don ta mutu: ba da fara'a take bayarwa ba. Tana miƙawa tana mita, ta yi wata guda tana cewa an mayar da ita kantin matattu. Amma ba ta taɓa cewa babu ba.

Na ukun ya ci mata shekara huɗu, don ido ya fara ja baya. Tsohon masaƙin unguwarmu ya saƙa shi, daga shi kuma ya naɗe kayan saƙarsa ya ce bayansa ya gama. Wata Laraba sai ga Goggo a gidana a Bakura, ita da ba ta son mota, da ƙulli a ka. Ta jira mijina ya fita, ta tura ƙofa.

"Ɓoye min wanga. In yana ɗakina, wani za shi riga ni shiga."

Na ce to bari in gaya wa Baba inda yake.

"Kul! Ubanki bakinshi ba ya riƙe alheri. Yana ji za shi aiko."

Na ce, "Goggo, in abin ya zo ba shiri fa? Bakura ba bayan ɗaki ba ce."

Ta yi dariya har da tafa cinya. "Ni? Ai ni sai na yi jinya na gajiyar da ku tukuna. Sai kun roƙi Allah ya ɗauke ni."

Na yi dariya ni ma, na sa shi a ƙasan akwatina. Shekara biyu yana nan, ina fito da shi duk bayan damina in shanya a ɗaki in mayar.

Ranar Talatar nan mun kwana huɗu ba wuta. Kan hanyar makaranta na miƙa wa mai caji wayata, na ce in na taso zan karɓa, abin da na yi ya fi sau ɗari. Mijina yana fadama wajen shinkafa, inda waya ba ta shiga. A Mafara kuwa ranar kasuwa ce, jama'a a cike, masu yadi a buɗe, ga zafin bazara. Yayana ya je ya yanko fari cikin minti goma. Aka yi mata wanka, aka sallace ta kafin azahar. Ba wanda ke jiran ɗiyar ƙane, kuma da gaskiyarsu, ko ina nan ba maƙabarta zan je ba. Ƙarfe biyu na kunna waya a bakin rumfar mai caji, na ga kiran yayana jere kamar tururuwa. Da na ji abin da ya faru, tambayar da ta fara fita bakina ita ce, "Da me kuka rufe ta?" Ya ɗauka ruɗewa ce.

Washegari da safe na sami Baba shi kaɗai a zaure, na kwance ƙullin a gabansa. Ya dube shi, ya dube ni.

"Don mi ba ki hwaɗa mani ba?"

Na ce ita ta hana.

"Mun kira ki har mun gaji. Gaggauta gawa sunna ta, ke ma kin sani."

Na sani. Amma zuciyata na tafasa, kuma ina neman wanda zan raba laifin da shi. Na ce, "Awa uku, Baba. Mai gaggawa baƙin alli yake kwasa." Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka haife ni. Na jira tsawa. Sai ya sa hannu ya shafa farin nan, ya ce rigar farko da ya shiga makarantar allo da ita, zaren Yaya ne. Ya ce ita da ta yi shekara sittin tana kaɗi, shi ne ya sa ta cikin yadin inji, ko taɓa shi bai yi ba ya ji. Daga nan ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Na fita da sauri, don ban san yadda ake kallon Baba yana kuka ba.

Na koma na rasa yadda zan yi da likkafanin. Inna ta ce a kai masallaci a ajiye wa mabuƙaci. Matar yayana ta ce in riƙe abina don tunawa. Baba ya ce shi ba ya iya magana a kai. Ni kuwa duk inda na ajiye shi sai in ji kamar na sake yin laifi, amanar da aka ba ni guda ɗaya tak a duniya, na riƙe ta shekara biyu na saki a ranar da ake buƙata.

Ranar sadakar uku, wajen azahar, mai kabu-kabu ya sauke wata tsohuwa a ƙofar gida. Daga Faru ta taso, ta wajen Maradun, hanyar da maza ma ke tunani kafin su bi. Ta girmi Goggo, ta rankwafa, idonta ɗaya ya yi fari. Inna ta raɗa mini cewa ƙawar Goggo ce tun suna amare, kuma cikin masu sayen alli don kaɗi ita kaɗai ta rage. Ta gaisa da kowa, ta yi addu'a mai tsawo, ta sha ruwa. Sannan ta juya kai tana neman murya.

"Wace ta ta Bakura?"

Na matso na durƙusa.

"An ce cikin yadin kasuwa anka sa ta. To ina namu?"

Na ɗauka ni kaɗai Goggo ta gaya wa. Na ɗauko na shimfiɗa mata a cinya, mata suka kewaye mu, har Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Tsohuwar ba ta dubi likkafanin ba, yatsa ta bi da shi, ƙwaryar saƙa bayan ƙwaryar saƙa. Ta ce siririn zaren tsaye na Goggo ne, ba mai iya shi sai ita. Abawar da aka ratsa kuwa, mai kaurin, tata ce. Da idon Goggo ya gaza, ita ta riƙa kaɗawa a Faru tana aikowa, Goggo na aika mata alli. Ta tsaya a wani wuri ta ce nan shekarar da ta yi zazzaɓi ne, a ji yadda zaren ya yi ƙulli-ƙulli.

Na ce, "Iya, ni na yi sakaci. Ko za ta yafe mini?"

"Wanga tsakaninku na, ɗiyata. Ba ni shiga."

Ta naɗe shi da kanta, a hankali, ta daidaita bakin. Sannan ta ce, "Ba ni shi. Ni ba ni kai shi Bakura, ƙarƙashin kaina za shi kwana. Ke kin taho da mota ba ki cim mata ba. Ni na kusa tahiya, ina kai mata."

Na ga Baba ya buɗe baki, na san akwai abin da littattafan addini suka ce a kan wannan. Sai ya mayar ya rufe, ya sunkuyar da kai.

Hannunta ba ya iya riƙe kaya a kan babur, don haka ni na goya mata shi a baya da zanena, na ja ƙullin sau biyu. A nan ne kukan da na riƙe kwana uku ya ƙwace mini, a tsakiyar titi, mai kabu-kabu na jira.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci, ya yafe mata mitarta, ya yafe mini sakacina. Allah ya sa saƙon ya isa.